Sandar sauti, hom tiyata ko amfilifaya: wanne ya dace da falonka?

Tun da aka koma ƙera talabijin shafal kamar allo, babu sauran wurin da za a cusa sifika mai kauri a cikinta. Shi ya sa za ka ga tibi mai inci 55, hotonta tar, amma muryar da ke fita daga cikinta siririya, kuma a yawancinsu ƙasa ko bango sifikun suke fuskanta, ba mai kallo ba. Daga nan ne maigida ke fara tunanin ƙara mata sauti. Idan ya shiga kasuwa, ko ta Sabon Gari ce a Kano ko Alaba a Legas, abu uku zai tarar. Akwai sandar sauti, wadda 'yan kasuwa ke ce wa sawunba, doguwar sifika guda da ake ajiyewa a ƙarƙashin tibi, galibi da wufa a gefe, wato sifikar da ke fitar da bes, sautin nan mai kauri. Akwai hom tiyata ta kwali ɗaya, mai sifiku biyar da wufa, duk kamfani ɗaya ya haɗa su. Sai kuma amfilifaya mai zaman kanta, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta raba shi ga sifiku, irin ta Yamaha, Denon, Onkyo, Marantz ko Sony, wadda ake saya ita kaɗai sannan a nemo mata sifiku daban.

Mai shago zai kunna maka su duka, ya ƙure bes, ya nuna maka lambar wat a jikin kwali. Duk wannan ba zai gaya maka wadda za ta yi maka daɗi a gida ba. Abin da ke raba gardama shi ne me ake kallo a gidanka, yaya falon yake, wace irin wuta kake samu, kuma kana da haƙurin zama da waya da saiti ko ba ka da shi.

Me ake kallo a gidan?

Lambar 5.1 da ake ta rubutawa tana nufin sifiku biyar, wato hagu, dama, tsakiya da biyu na gefe, sai ɗaya na ƙarshe, wufa mai ɗaukar bes. Daga gidajen silima tsarin ya fito. Tsarin sauti na Dolby Digital ya bayyana a 1992, na DTS ya biyo baya a 1993, sannan a 2012 Dolby Atmos ya ƙara sautin da ke saukowa daga sama, ya shigo gidaje a 2014. Idan ka ga lamba uku, kamar 5.1.2, ta ƙarshen ita ce adadin sifikun sama.

To amma sifika ba ta ƙirƙirar abin da ba a aiko mata ba. Labarai, wa'azi da tafsiri, finafinan Kannywood da ake ɗorawa a YouTube, tashoshin kyauta na kan dish, waƙoƙin da ke cikin waya, kusan dukkansu sauti ne mai hanya biyu, hagu da dama. Cikakken 5.1 sai a Netflix, Prime Video, faifan DVD da Blu-ray, wasannin PlayStation, da wasu tashoshin HD na DStv. Atmos kuwa a Netflix sai mai biyan kuɗin tsari mafi tsada yake samunsa. Wanda kallonsa bai wuce rukunin farko ba, in ya kashe kuɗinsa a kan sifiku tara, yawancinsu zaman banza za su yi, ko kuma na'urar ta riƙa raba musu sautin da ta ƙago da kanta.

Sifika ɗaya ce a cikin biyar ɗin nan nake ganin ta fi sauran muhimmanci nesa ba kusa ba, ita ce ta tsakiya. Ta nan kusan duk maganar 'yan fim da mai sharhin ƙwallo ke fita. Ƙorafin da aka fi yi a gidaje ba rashin ƙara ba ne. Cewa ake yi kiɗa da harbe-harbe sun cika falo amma ba a jin abin da mutum ke faɗa, a ƙara murya a rage, rimot bai huta ba har fim ya ƙare. Duk na'urar da za ta ba ka sifikar tsakiya ta gaske, ta kuma bar ka ka ɗaga muryarta ita kaɗai, ta magance maka rabin matsalarka. Ka riƙe wannan a ranka wajen auna duka ukun.

Maganar wat

Kwali zai ce 5000W ko ma fiye, ka duba da kyau za ka ga an rubuta PMPO a gefe da ƙananan haruffa. Wannan lamba ba ta da wani ma'auni da kamfanoni suka yarda da shi, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Wadda ake dubawa ita ce RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya fitarwa a kai a kai. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya kuwa ita ce ka juya bayan na'urar ka karanta yawan wutar da take ja daga soket. Wadda ke jan wat 80 ba za ta iya fitar da dubu biyar ba, ko wane ne ya ƙera ta. Yamaha RX-V385, wata ƙaramar amfilifaya mai 5.1, wat 70 kacal aka rubuta mata a kowace hanya idan sifiku biyu ke aiki, kuma ta isa ta cika falon gida har a roƙe ka ka rage.

Dalilin shi ne kunne ba ya jin wat yadda ido ke karanta shi. In ka ninka wat sau biyu, desibel (dB, ma'aunin ƙarar sauti) 3 kawai ka ƙara, ɗan bambanci ne da za a lura da shi amma ba mai yawa ba. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Sifika mai lamba 88dB a takardarta tana ba da wannan ƙarar daga wat ɗaya tak, a tazarar mita ɗaya, kuma wannan ya riga ya wuce ƙarar da ake hira a cikinta. Saboda haka bambancin wat 70 da wat 100 bai kai abin da za ka canza ra'ayi a kansa ba.

Sandar sauti

Ƙarfinta sauƙi ne. Waya ɗaya zuwa tibi, ɗaya zuwa soket, wufa kuma galibi ta iska take haɗuwa da sandar. Babu huda bango, babu wayar da yara za su yi tuntuɓe da ita ko ɓera ya gwaigwaye. Wutar da take ci kaɗan ce, kuma da yawa daga cikinsu an rubuta musu 100 zuwa 240V, wato suna jure hawa da saukar wuta fiye da babbar amfilifaya. Ga mai zaman haya da ke iya tashi kowane lokaci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai sanduna iri-iri ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Mai 2.0 ko 2.1 ba ta da sifikar tsakiya, ƙara kawai za ta yi maka a kan na tibi, da ɗan bes. Mai 3.1 tana da ita, kuma daga nan ne sanda ta fara zama abin saye. Sama da ita akwai masu zuwa da ƙananan sifikun baya, kamar Sony HT-S20R mai 5.1, har zuwa manya irin jerin Samsung HW-Q990 masu 11.1.4, waɗanda kuɗinsu ya kai na amfilifaya da sifikunta. Akwai kuma waɗanda ke da'awar 5.1 ko Atmos daga sanda ɗaya tilo. Waɗannan harba sautin suke yi zuwa bango da silin don ya dawo maka ta gefe da sama. Dabarar tana aiki a ɗaki mai kusurwa huɗu da shafaffen silin wanda bai cika tsayi ba. A falon da gefe ɗaya ya buɗe zuwa wurin cin abinci, ko silin ɗin POP mai hawa-hawa da fitilu da fanka a tsakiya, sautin watsewa yake yi, kuɗin Atmos ɗin ya tafi a banza.

Rauninta biyu ne. Na farko, sifikun hagu da dama suna cikin gida ɗaya, tazararsu galibi ba ta wuce mita guda ba, don haka kiɗa ba ya buɗewa yadda yake yi a sifiku biyu da aka raba. Na biyu, ba a gyara ta gaɓa-gaɓa. Wufar wani kamfani ba ta haɗuwa da sandar wani, kai ko a kamfani ɗaya ma ba kowace wufa ce ke bin kowace sanda ba. Ranar da allon cikinta ya ƙone, in mai gyara bai samu irinsa ba, sanda da wufa tare suka tafi. Sifikun bayan da ake ce wa marasa waya kuma, ka sani yawancinsu suna bukatar soket, wayar sauti ce kawai aka cire musu.

Matsalar da aka fi kawowa a kanta ita ce wufa ta yi shiru ko tana yankewa. Ka duba fitilar bayanta, in tana ƙiftawa to haɗin ya tsinke, sai a danna maɓallin haɗawa da ke bayanta kamar yadda littafin na'urar ya nuna. In kuma tana yi tana dawowa, ka nisanta ta da na'urar intanet ta gida, domin sau da yawa a zango ɗaya suke aika saƙo.

Hom tiyata ta kwali ɗaya

Ita ce ta fi cika shaguna, ita ce kuma ta fi ɗaukar ido, da dogayen sifiku da fitilu masu rawa, ga rediyo, ga USB, ga Bluetooth, wata har da wurin makirfo. In bukatarka kiɗa ne mai ƙara a tsakar gida ranar suna ko walima, za ta biya maka ita a farashin da sauran biyun ba za su iya ba.

A matsayin abokiyar tibi kuwa, ita ce na fi jan kunne a kanta. Da yawa daga cikin masu araha, duk da sifiku biyar ɗin da ke jikinsu, ba su san Dolby Digital ba. Wayar ja da fara ce kaɗai mashigarsu, ko Bluetooth, don haka sauti mai hanya biyu suke karɓa su watsa shi ga kowace sifika. Sai ka ji mai karanta labarai yana magana daga bayanka. Doguwar sifikar ma in aka buɗe ta, sau tari ƙaramar sifika ɗaya ce ko biyu a cikin dogon kwanon roba. Araha dai ba ta ado.

Na manyan kamfanoni irin LG, Sony da Samsung sun fi wannan, suna da HDMI kuma suna fassara 5.1 yadda ya kamata. Amma su ma suna da nasu tarkon. Sifikun da yawa daga cikinsu om 3 ne (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tirje wa wuta), alhali amfilifaya ta daban an yi ta ne don om 6 zuwa 8, wasu su sauka zuwa 4. Wufarsu kuma ba ta da amfilifayar kanta, daga uwar na'urar take shan ƙarfi. Ma'ana, in uwar ta mutu, ba za ka ɗauki sifikun ka jona wa Denon ko Yamaha ka zauna lafiya ba, za ta yi zafi ta kashe kanta. Wanda ya ƙudura sai ita, ya tabbatar da abu biyu kafin ya biya: akwai ramin HDMI mai rubutun ARC, wanda ke karɓo sauti daga tibi, ko ramin oftikal, na wayar da ke ɗaukar sauti da haske, a bayanta, kuma akwai tambarin Dolby a jikin na'urar kanta, ba a kwali kaɗai ba.

Amfilifaya da sifiku daban

A nan ne sauti na gaske yake, a nan ne kuma aiki yake. Kowace gaɓa zaman kanta take yi. Sifika mai kyau tana shekara ashirin ana moronta, amfilifaya ce kawai ake canzawa idan zamani ya wuce ta. Kuma ba dole ba ne a sayi komai rana ɗaya. Shawarar da nake ba duk wanda ya zaɓi wannan hanya ita ce ya fara da amfilifaya da sifiku biyu nagari, ya ƙara ta tsakiya idan hali ya samu, sannan wufa, na gefe su zo a ƙarshe. Sifiku biyu masu nauyi sun fi biyar marasa nauyi daɗin ji, a fim da kiɗa duka. Ta tsakiyar dai a yi ƙoƙari ta zama 'yar gida ɗaya da na hagu da dama, don kada murya ta canza kala idan ta ratsa daga gefe zuwa gefe.

Wurin ajiya shi ne rabin aikin. Ka zauna a kujerar da aka fi kallo daga kanta, ka fuskanci tibi. Ta tsakiya tana daidai gabanka, a ƙarƙashin tibi ko samanta, bakinta a gaban katakon da take kai, ba a cusa ta cikin kabad ba. Na hagu da dama su kauce kusan digiri 30 kowane gefe, wato tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da tazararka da kowace ɗaya, tsayinsu kuma daidai kunnen mai zaune. Na gefe su koma wajen digiri 110, gefenka ke nan da ɗan ja baya, sama da kunne kaɗan.

Ga inda falonmu ke kawo cikas. Mun saba jera kujeru a jikin bango, mai zaman mutum uku a can ƙarshe, sauran suna fuskantar juna, tsakiya a buɗe don kafet da baƙi. Wanda kujerarsa ke manne da bangon baya ba shi da bayan da za a sa sifika, wanda ke gefe kuma sifika ɗaya ce za ta riƙa yi masa ihu a kunne. Idan haka naka yake, kada ka nemi 7.1, ba ta da wurin zama. A 5.1 ma ka ɗaga na gefen sama sosai a kusurwoyin baya, su fuskanci juna, ka rage musu murya. In da hali, ka janye kujerar daga bango ko da taku ɗaya ne, domin bes taruwa yake yi a jikin bango ya zama gurnani. Tayil da bangon siminti kuma mayar da sauti suke yi har magana ta cakuɗe. Kafet mai kauri a tsakanin tibi da kujera, da labule mai nauyi a taga, suna gyara muryar fim fiye da canza amfilifaya, kuma wannan ya shafi mai sanda da mai hom tiyata ma.

Wufa ba ta da wuri ɗaya da aka yanke mata. A kusurwa ƙararta tana ƙaruwa amma takan yi kauri. Dabarar da masu harkar ke yi ita ce a ɗora ta a kan kujerar kallo, a kunna kiɗa mai bes, a zagaya gefen bango a durƙushe ana saurare. Inda bes ya fi fita sumul, nan ne wurinta.

Amfilifayoyin zamani suna zuwa da ƙaramin makirfo na auna ɗaki. Denon da Marantz suna kiran nasu Audyssey, Yamaha YPAO, Pioneer MCACC, Onkyo AccuEQ. Ka ajiye shi daidai inda kanka ke zama, ba a hannu ba, ka kashe fanka da AC, a yi shiru, in da janareto na ruri a kusa ka bari sai an kawo wuta. Na'urar za ta auna nisan kowace sifika, saboda sauti yana tafiyar kusan santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sai ta jinkirta na kusa don duka su iso kunnenka tare. Bayan ta gama ka shiga saitin da kanka. Sau da yawa takan sa sifikun gaba a Large, ka mayar da su Small in dai kana da wufa, ka sa mararrabar bes, wato iyakar da wufa ke karɓar aiki daga sauran sifiku, a 80Hz, ko 100 zuwa 120 in ƙanana ne sosai. Wannan yana sauke wa amfilifaya nauyi, ya bar wa wufa aikinta. In har yanzu magana ba ta fita, ka ƙara wa ta tsakiya desibel 2 ko 3.

Waya kuwa kada a ruɗe ka da mai tsada. Jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5mm² ya wadatar a falo, 2.5mm² in tafiyar ta yi nisa. Ka dai kula da wadda aka shafa wa jan ƙarfe a kan alminiyam, in ka kankare ta za ka ga fari a ciki. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a kowane ɓangare. In aka juya ɗaya, babu abin da zai ƙone, amma bes zai ɓace, murya ta rasa tsakiya. Idan kuma amfilifaya tana kashe kanta ko ta rubuta PROTECT, kafin ka ɗauke ta zuwa wurin mai gyara ka cire ta daga wuta ka duba bayanta da tocila. Silin waya ɗaya da ya kauce ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya jawo haka. In ba shi ba ne, to zafi ne. Na'urar da aka rufe a kabad, aka ɗora mata dikoda a kai, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukanta, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maraɗi, dole ta nemi hutu. A bar mata sarari a sama, a riƙa bushe mata ƙura.

Wuta

Ba na ba kowa shawarar ya jona ɗaya daga cikin ukun nan kai tsaye a bango. Sitabilaiza mai jinkirta kunnawa bayan an dawo da wuta ita ce kariya ta farko, domin a daidai lokacin dawowar ne kaya suka fi ƙonewa. Mai amfani da inbata ya duba ko an rubuta mata Pure Sine Wave. Wadda ba haka ba tana sa taransifomar amfilifaya ta yi ta ƙugi tana zafi. Ga wanda ke lallaɓa batirin sola ya kai shi dare, sanda ta fi sauƙi ƙwarai, domin babbar amfilifaya tana cin wuta ko da an rage murya, ga wufa ita ma da nata cin.

Masu sayen na gwanjo su karanta bayan na'ura kafin komai. Wutar Najeriya 230V ce, ta Nijar 220V, alhali kayan Amurka 120V ne, na Japan kuma 100V. Yawancin amfilifayoyi wuta iri ɗaya suka sani. In aka jona ta Amurka a soket ɗinmu ba tare da taransifomar rage wuta ba, nan take za ta ƙone.

Akwai kuma wani ƙugi mai kauri da ke fita daga sifiku ko wufa ko da ba a kunna komai ba. Ka cire duk wayoyin da ke shiga na'urar, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa za ka tarar wayar dish ko eriya ce ta shigo da shi ta dikoda. Maganinsa a jona tibi, dikoda, amfilifaya da wufa a soket ɗaya, ko a koma wayar oftikal, wadda haske take ɗauka ba wuta ba. Kada a karya ƙafar filogi ta uku don a kashe ƙugi, ita ce ke tsare mutum daga jan wuta.

Haɗa ta da tibi

Ko wacce ka saya, a nan za ka fi shan wahala, don haka ga yadda abin yake. Hanya mafi kyau ita ce HDMI ARC, wadda ta zo a 2009, ko ƙanwarta eARC ta 2017. Rami ɗaya ne kawai a bayan tibi ke da wannan rubutu, kuma a nan ne wayar za ta shiga, ta tafi ramin da aka rubuta wa ARC ko TV OUT a na'urar sauti. Sannan sai an kunna tsarin da ke sa na'urori su yi magana da juna, wanda kowane kamfani ya raɗa wa nasa suna: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony, Viera Link a Panasonic. Idan jiya yana aiki yau ya ɗauke, musamman bayan ɗaukewar wuta, ka cire duka biyun daga soket na ɗan lokaci, ka fara kunna tibi sannan na'urar sauti. ARC tana ɗaukar Dolby Digital da irin Atmos ɗin da Netflix ke aikowa. Irin cikakken sautin Blu-ray ne ke bukatar eARC.

Wayar oftikal, wadda Toshiba ta fito da ita tun 1983, ba ta kai Atmos, rimot ɗin tibi kuma ba lalle ya riƙa sarrafa murya ta cikinta ba, amma tana ɗaukar 5.1 kuma ba ta da rigima. Ka dai tuna ka cire 'yar hular roba da ke bakinta. Bluetooth kuwa a bar wa waƙar waya. Hanya biyu kawai yake ɗauka, kuma jinkirinsa yana sa ka ga an buga ƙwallo kafin ka ji ƙarar bugun.

Saiti ɗaya a cikin tibi ne ke haddasa yawancin sauran ƙorafin, wato nau'in sautin da take fitarwa. In yana kan PCM, ta oftikal ko ARC hanya biyu kawai za ta aika, sifikun baya su yi shiru ko su riƙa maimaita na gaba. Mai 5.1 ya mayar da shi Auto ko Pass Through, ya yi haka a dikoda ma. Akasin haka, mai ƙaramar na'ura da ba ta san Dolby ba, in wata tasha ta yi shiru ko tana shacewa, PCM ne maganinsa. Fim ɗin cikin filashi da ke nuna hoto babu murya kuma, galibi DTS ne sautinsa, kuma talabijin ɗin Samsung tun daga na 2018 ba sa karanta shi. In baki da murya ba sa tafiya tare, akwai saitin jinkirta sauti, amma yana amfani ne kawai idan murya ce ta riga hoto. In ita ce a baya, ka gwada Pass Through, ko ka jona dikoda a na'urar sauti kai tsaye in tana da mashigar HDMI.

To wacce?

Ga yawancin gidaje, masu falo matsakaici, kujeru a jikin bango, wuta yau akwai gobe babu, kallo kuma labarai da ƙwallo da finafinan YouTube, sanda mai 3.1 daga kamfanin da aka sani, mai ARC, ita ce zaɓina ba tare da jinkiri ba. In ana yawan kallon Netflix ko yara na buga gem, a nemi mai sifikun baya na gaske maimakon mai alkawarin Atmos daga sanda ɗaya. Wanda ke gidan kansa, yana da ɗakin da zai iya ja da kujera tsakiya, wutarsa tsayayya ce, kuma yana son kiɗa kamar yadda yake son fim, amfilifaya ce tasa, ko da da sifiku biyu zai fara. Hom tiyata ta kwali ɗaya ta dace da mai neman ƙarar taro, ko wanda ya samu ta babban kamfani mai HDMI a farashi mai kyau kuma ya yarda cewa ranar da ta mutu duka ta mutu.

Amfilifayar gwanjo hanya ce mai kyau ta shiga wannan harka da kuɗi kaɗan, in an bincika. Wadda aka ƙera kafin 2009 ba ta da ARC, sai dai oftikal. Wadda ba a rubuta wa HDCP 2.2 (tsarin hana satar hoto) ba, wato yawancin na kafin 2015, ba za ta wuce da hoton 4K na Netflix ko Blu-ray ba, sai dai a jona kayan kallo a tibi a dawo mata da sauti kawai. Ka sa mai shago ya kunna sautin gwaji da ke cikin saitinta, ka ji kowace hanya ɗaya bayan ɗaya, ka gwada kowane ramin HDMI, ka bar ta a kunne ta kai rabin awa ka ga ko za ta kashe kanta. Ka tambayi rimot da makirfon aunawa, domin saituna da yawa ba sa shiguwa sai da rimot, makirfon wani kamfani kuma ba ya auna wa wani daidai. Ko sabuwa ko tsohuwa, ka tafi da filashinka mai ɗauke da wani shiri da ake yawan magana a cikinsa, ka ce a rage bes, a sa murya daidai yadda za ka sa ta da dare yara na barci, ka ja baya taku huɗu ka ji ko kowace kalma tana fita.